Ayari Ba Madugu

Tun zamanin da, fatake ba su kama hanyar da ba su sani ba sai da madugu. Shi ya san rijiyar da ba ta ƙafewa, ya san zangon da ɓarayi ke kewayawa, ya kuma san sarkin da ke tsawwala kuɗin fito. To, a ƙasashen Turai an yi wani ayari mai ban mamaki wanda ya yi shekaru yana tafiya ba madugu. Daga wajen 1965 zuwa 1979 samari da 'yammata dubbai suka riƙa tashi daga Ingila da Faransa da Jamus, suna nufin Indiya ta ƙasa. Su kan bi ta Santambul, su ratsa ƙasar Turkiyya zuwa Tehran da Mashhad a Iran, su shiga Afganistan ta Herat, su wuce Kandahar da Kabul, su gangara ta mashigin dutsen Khyber zuwa Peshawar da Lahore, sa'an nan Delhi. Masu sauran guzuri su zarce har Katmandu cikin duwatsun Nepal.

Ba a tare su ke tafiya ba. Bibbiyu ne, ko uku-uku, wasu a tsohuwar mota, wasu a jirgin ƙasa, wasu kuwa sai roƙon direbobin manyan motoci a bakin hanya. Galibinsu ba su da kuɗin kirki, ba su jin harshen ko ɗaya daga ƙasashen da za su ratsa. Abin da ya tsaya musu a matsayin madugu shi ne bakin wanda ya riga su wucewa. Matambayi, an ce, ba ya ɓata.

Amma yaya za a tambayi mutumin da ya wuce tun watan jiya? Sai suka samo dabara. A Santambul akwai wani gidan abinci mai suna Lale, wanda wasu 'yan'uwa biyu suka buɗe a 1957. Baƙin nan suka kasa riƙe sunan, sai suka laƙaba masa Pudding Shop saboda irin kayan zaƙin da a ke sayarwa ciki. Masu gidan suka kafa allo a bango, kowa ya zo ya manna 'yar takardarsa. Wannan yana neman abokin tafiya zuwa Kabul, wancan yana gargaɗi game da wani masauki, wata kuma tana gaya wa ƙawarta ranar da za su haɗu a Delhi. A Nairobi ta ƙasar Kenya ma haka a ke yi, sai dai can a jikin wata bishiya mai ƙaya a ke soke takardun, a farfajiyar otel ɗin New Stanley. Aibin allo ɗaya ne: sai ka isa gabansa za ka karanta shi. Yaron da ke zaune a ɗakinsa a Ingila yana lissafin guzuri, allon Santambul bai amfane shi da kome ba.

Nan ne wani ɗan ofis na birnin London ya shigo cikin labarin. Sunansa BIT, wani mutum da a ke kira John Hopkins ya kafa shi a 1968 a wajen unguwar Notting Hill. Ba kamfani ba ne. 'Yan sa kai ne ke zama a ciki suna amsa waya, suna taimakon matasan da ba su da wurin kwana ko waɗanda suka shiga hannun 'yan sanda. Da tambayar hanyar Indiya ta yi musu yawa, har suka gaji da maimaita amsa ɗaya, sai a 1970 suka buga ta da keken rubutu, suka gurza a inji, suka haɗa 'yan takardun da ƙusar waya. Ko bango ba su sa ba. Wanda ya karɓa a kan roƙe shi abu biyu: ya ba da sadakar rabin fam, watau sule 10 a tsohon lissafi, in kuma ya kama hanya ya rubuto abin da ya gani.

Suka kuwa rubuto. A 1972 wani saurayi mutumin Yorkshire, Geoff Crowther, wanda ya yi karatun ilmin kimiyya a Liverpool kuma ya riga ya sha yawon ƙasashe, ya zo ofishin ya tarar da wasiƙu jibge. Ya zauna ya tace su, ya jera su gari bayan gari yadda hanya ta ke, har 'yan takardun nan suka zama littafi mai kauri.

Ya kamata mai karatu ya tsaya ya dubi irin wannan aiki, gama ya fi yadda a ke zato wuya. Ga wasiƙa daga Herat tana yabon wani masauki, ta ce mai shi mutumin kirki ne. Ga wata daga gari ɗaya tana cewa a guje shi, kuɗin cizo ya hana barci. Wa za a gaskata? Sai a duba kwanan wata, a duba ko mai rubutun ya saba kawo magana mai kan gado, a jira ta uku ta raba gardama. Labaran kuwa ƙanana ne, irin waɗanda manyan marubuta ba su kula da su: ƙarfe nawa a ke rufe iyaka, wace takardar allurar rigakafi a ke tambaya, kwana nawa a ke jiran biza a ofishin jakada, wace mota ce ke tashi da asuba, a wane gidan waya a ke ajiye wa baƙo wasiƙarsa har ya zo ya nuna fasfo ya karɓa. Ga mai zaune a gida wannan duk shirme ne. Ga wanda ya sauka a tasha da tsakar dare, aljihu ya kusa ƙarewa, layi ɗaya daga ciki ya fi masa littafin tarihi guda.

Ba wanda aka biya ko kwabo a kan wasiƙarsa. Mutum ya kan zauna a ɗakin haya a Peshawar, zazzaɓi na damunsa, ya cika takarda huɗu domin amfanin wani wanda bai taɓa gani ba, ba kuwa zai gani ba har abada. Dalilinsa shi ne shi ma da wasiƙar wani ya iso nan. Ta haka zumunta ta ƙullu tsakanin mutanen da ba su san fuskar juna ba, sai dai in an haɗu a hanya a ga takardun nan a hannun mutum, a san ɗan gida ne. Kuɗin sadakar kuma shi ya riƙe ofishin, ya biya haya da waya.

Kada a ɗauka duk abin yabo ne. Da yawa cikin matafiyan nan tabar wiwi ce ta kai su Kabul da Katmandu, wasu suka ƙare a kurkuku, wasu a asibiti. Wasu kuma suka ratsa ƙasashen Musulmi da shigar da ba ta dace ba, suna cinikin kwabo da talakan da ya fi su bukata, ba su koyi ko gaisuwa ba. Littafin kansa ya kan ɓata abin da ya yaba, domin da zarar an ambaci wani ɗan masauki mai araha, sai kowa ya dunguma can, shekara na kewayowa araha ta tafi. Duk da haka, cikinsu akwai waɗanda suka koma gida da ladabi da sanin darajar mutane, abin da makaranta ba ta ba su ba.

Ana cikin haka wasu miji da mata, Tony da Maureen Wheeler, suka bi hanyar a 1972. Suka tashi daga London a wata tsohuwar ƙaramar mota, suka sayar da ita a Afganistan, suka ci gaba har Ostareliya, suka isa Sydney da abin da bai kai rabin dala ba. Tambaya ta dame su kamar yadda ta dami mutanen BIT, sai a 1973 suka rubuta ɗan littafinsu a teburin cin abinci, suka sa wa kamfaninsu suna Lonely Planet. Mutum biyu ne kamfanin duka. Da suka so littafin Afirka, Crowther suka nema, aka buga nasa a 1977. Irin wannan littafi ne ke hannun Turawan da mutanen Agadas da Damagaram da Kano suka riƙa gani a shekarun nan, sun keto Sahara ta Tamanrasset, motarsu ta yi buɗu-buɗu da ƙura, suna tambayar inda za su kafa tanti.

Sai hanyar Indiya ta yanke. A watan Afrilu na 1978 aka yi juyin mulki a Kabul. A farkon 1979 Sarkin Iran ya bar ƙasarsa, mulki ya sake. A watan Disamba na shekarar sojojin Rasha suka shiga Afganistan. Cikin shekara biyu tsakiyar hanyar ta zama ba ta biyuwa ga baƙo mai jaka a baya.

Littafin da wasiƙu ke ciyarwa kamar rijiya ya ke, ana ɗiba tana tsattsafowa. Mai riƙe da littafi shi ke bin hanya, mai bin hanya shi ke rubutowa, rubutunsa ke sabunta littafi. In aka cire ɗaya, sauran sun tsaya. Ga shi kuwa littafin hanya ba ya tsufa da daraja irin ta littafin hikaya. Wanda ya shekara uku ba a gyara ba ya zama maƙaryaci, zai aika mutum masaukin da aka rushe, ko iyakar da soja ya tsare. Ofishin BIT, wanda dama da ƙyar ya ke tsaye, ya mutu a daidai wannan lokaci, bugun ƙarshe na littafin ya fito wajen 1980. Waɗanda suka shekara goma suna aika wasiƙa ofishi ɗaya suka wayi gari ba inda za su aika. Abin da ɗaci, amma ba wanda za a ɗora wa laifi. Hanya ce ta mutu, zumuntar ta bi ta.

Al'adar ba ta mutu tare da ofishin ba, ta koma gidan su Wheeler a Melbourne. Kowane littafinsu yana ɗauke da roƙo ga mai karatu ya rubuto in ya tarar abu ya sake. Wanda wasiƙarsa ta fi amfani a kan aika masa littafi kyauta, a kan tsamo wasu a buga cikin 'yar jaridar da su ke rarrabawa, a kuma jera sunayen marubuta a shafin godiya. Littafin Indiya na 1981, wanda Crowther na cikin mutum uku da suka rubuta shi, ya samu kasuwa ƙwarai, daga nan kamfanin ya tashi daga ƙarami ya zama babba, da ma'aikata ɗaruruwa da ofisoshi a ƙasashe.

Mutuwa ta biyu dabam ta ke da ta farko, domin ba yaƙi ya kawo ta ba, kuma ba a rana ɗaya ta zo ba. A 2007 su Wheeler suka sayar da kashi 75 cikin 100 na kamfanin ga sashen ciniki na BBC, a 2011 suka sayar da sauran, jimla wajen fam miliyan 130. A 2013 BBC ta sayar wa wani kamfanin Amurka a kan fam miliyan 51 da rabi, hasara mai yawa. A watan Afrilu na 2020, sa'ad da annobar korona ta tsai da tafiye-tafiye a duniya, aka rufe yawancin aikin ofisoshin Melbourne da London, aka daina buga mujallar kamfanin, kafin shekarar ta ƙare kuma ya sake komawa hannun wasu. An ci gaba da buga littattafai. Sai dai duk sa'ad da gida ya sake mai shi, waɗanda suka san tsofaffin marubuta wasiƙu suna raguwa, sabon mai gida kuwa suna ya saya da littattafai, zumunta ba ta cikin takardar ciniki.

Wani zai tambaya, cikin fam miliyan 130 ɗin nan nawa ne rabon mai zazzaɓin Peshawar? In za a yi adalci, ba a yaudare shi ba. Kyauta ya bayar da saninsa, su Wheeler kuma sun sha wahalar da ba kowa zai sha ba, sun biya marubutansu, sun kuma zuba dukiya mai yawa a wata gidauniyar taimako bayan sun sayar. Shi ma ba kuɗi ya nema ba. Abin da ya ɗauka nasa ne shi ne zauren, inda ya saba zuwa ya ba da labari a saurare shi. Bai lura ba zauren aro ne, mabuɗi yana hannun mai gida. Ranar da lissafin riba ya nuna zauren ba ya biyan kuɗin shararsa, ba a bukatar a shawarci masu zama ciki, galibi kuwa ba a shawartarsu. Mai gidan da ya san ya kamata ya kan ba da sanarwa da wuri, ya bar mutane su yi sallama, su karɓi adireshin juna, ya kuma kai tsofaffin takardu inda za a adana su, gama wasiƙar da ta daina amfanin matafiyi ta fara amfanin mai binciken tarihi ke nan. Ita ce za ta faɗi kuɗin burodi a Herat kafin yaƙi.

Geoff Crowther ya zauna a Ostareliya, ya rubuta littattafan ƙasashe da dama na Afirka da Asiya da Amurka ta Kudu, ya rasu a watan Afrilu na 2021 yana da shekara 77. Takardun BIT ba su da ƙarko, an yi su ne domin a cusa a jaka a karanta har su yage. Amma tsofaffin littattafan Lonely Planet ana samunsu wurin masu sayar da littattafan hannu. Wanda ya samu ɗaya, ya nemi shafin godiya. Zai ga sunaye jere cikin ƙananan baƙaƙe, wani lokaci ɗaruruwa, bisa tsarin abacada, sau da yawa da alamar ƙasar mutum a gefen sunansa. Ba a rubuta abin da kowannensu ya faɗa ba, ko garin da ya zauna ya rubuto.