Man Faso Daga Shingen Gona: Ziyara Zuwa Ƙauyukan Bichi

Idan aka bar Kano ta hanyar Katsina, aka wuce kasuwar hatsi ta Dawanau, daga nan har Bichi da wuya a ga daji. Gona ce jikin gona, gida kusa da gida. Shekaru aru-aru ana noma wannan ƙasa ba hutu, taki ne yake riƙe da ita. Saboda ƙarancin fili, ko iyakar gona ba a barinta haka nan: lalle, gamba ko aguwa ake dasawa. A tsakiyar gonaki kuwa ga kuka, ga ɗorawa, ga gawo, bishiyar da take zubar da ganye da damina, ta yi kore shar da rani.

Mu ɗalibai huɗu muka je wani ƙauye a yankin cikin watan Janairu, hunturu na tsakiyarsa. Iska ta busar da komai. Yara da manya, kusan kowa diddigensa ya yi faso, wasu har da jini. Ɗalibin da yake taka ƙasa mai nisa zuwa makaranta ya san zafin wannan.

A gidan da muka sauka, wata dattijuwa da kowa ke kira Iya ta nuna mana man da take haɗa wa jikokinta. Ganyen darbejiya ta tsinko a ƙofar gida, na lalle kuma a shingen gona. Ta wanke su, ta shanya a inuwa kwana 3 har suka bushe ƙarau, sannan ta daka. Man kaɗanya kaɗai ta saya a kasuwa, domin bishiyar ta fi yawa a jihohin Neja da Kwara.

Ga yadda ta yi. Ta zuba man kaɗanya ludayi 4 a kwano, ta ɗora kwanon cikin tukunyar ruwan zafi don kada man ya ƙone. Da ya narke, ta zuba garin ganye ludayi 1, ta bar shi kan garwashi kamar awa ɗaya tana juyawa. Sai ta tace da ƙyalle mai tsabta, ta narka ɗan kakin zuma a ciki don ya yi tauri, ta juye a gwangwani mai murfi.

Me ya sa sai busasshen ganye? Ɗanye yana ɗauke da ruwa, ruwa kuma shi ke sa mai ya yi fumfuna. Me ya sa man yake aiki? Faso bushewar fata ce. Maiƙo yana rufe fatar, ya hana danshin jiki fita, ta yi laushi ta haɗe. Shi ya sa Iya take sa yara su jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi da dare, su goge kaushi da dutse, sannan su shafa.

Darbejiyar nan ma baƙuwa ce. Daga yankin Indiya aka kawo ta zamanin Turawa, yanzu ta zama 'yar gida.

Amma fa a kula. Wannan mai na shafawa ne, ba a sha. Man darbejiya guba ne ga ƙananan yara idan suka haɗiya, kuma lalle yana iya cutar da wasu jarirai, don haka ba a shafa musu. A fara gwadawa a ɗan wuri a hannu. In ya yi ƙaiƙayi a bari. Ƙuna, miki mai ruwa, ko rauni a ƙafar mai ciwon suga, asibiti ake kai su.

Iya ta ce a cikin jikokinta mata ɗaya ce kawai ta tsaya ta koya. Ku da kuke da kakanni a raye, hutun nan ku ɗauki biro da littafi, ku zauna kusa da su, ku tambaya, ku rubuta.