A Bar Mana Zaure

A bakin titin da ya ratsa Tambuwal daga Sakkwato zuwa Jega, shagunan bulo sai ƙaruwa suke yi. Zaure ne ke fara tafiya, tunda shi ke kallon hanya. Ina yi wa garin Kebbe fargabar haka.

Ban ga laifin mai neman kuɗin haya ba, ginin ƙasa kuwa yana son yaɓe kafin kowace damina. Sai dai a zaure baƙo ke sallama, kuma a zankwayensa ake gane hannun magini. Abin da aka rushe kuma ba ya dawowa: Kano ta rushe Ƙofar Na'isa a 2010 don faɗaɗa titi, wadda aka gina daga baya ba ta kama ƙafarta ba.

Maigida, sabunta cikin gida yadda kake so, amma ka bar mana zauren.