Zuwa Kurmin Borniyo Da Iyali

Jama'a masu karatu, a wannan mako filin namu zai yi nisan kiwo, domin za mu yi magana ne a kan wata tafiya ta buɗe ido wadda magidanci mai hali zai iya shirya wa iyalinsa, watau zuwa jihar Sabah ta ƙasar Maleshiya, can a arewacin tsibirin Borniyo. Tafiya ce mai cin kuɗi ƙwarai da gaske, saboda haka ya kamata wanda zai zuba dukiyarsa a ciki ya san abin da kuɗin nan za su saya masa tun kafin ya ɗaura kaya.

Shi dai Borniyo shi ne tsibiri na uku wajen girma a duniya, faɗinsa ya kai kamar kashi huɗu cikin biyar na Nijeriya, kuma ƙasashe uku ne suka raba shi, watau Indunusiya da Maleshiya da Burunai. Sabah kuwa da can Turawan Ingila ne ke mulkinta da sunan Borniyo ta Arewa, sai a shekarar 1963 ta shiga tarayyar Maleshiya. Babban birninta shi ne Kota Kinabalu, a bakin teku ta yamma, amma namun dajin da ake zuwa gani galibinsu suna gabas ne, wajen garin Sandakan. Ƙasa ce ta ruwan sama da gumi, ba ta san hunturu ba balle rani irin namu. Duk da haka ruwan yakan yi sauƙi daga watan Maris zuwa Satumba, ya kuma tsananta daga Nuwamba zuwa Fabrairu, har koguna su cika su batse. Babban hutun makarantu na watan Agusta ke nan ya faɗo daidai.

Hanya tana da tsawo. Daga Kano ko Abuja sai an yada zango a wata ƙasa kafin a isa Kuala Lumpur, daga nan kuma a sake shiga wani jirgin na kusan awa uku zuwa Sandakan. Agogonsu yana gaban namu da awa 7, don haka yara za su kwana biyu suna barci da rana suna farkawa da tsakar dare. Shawararmu ita ce a bar kwana biyun farko ba a shirya komai a cikinsu ba. Ɗan Nijeriya yana bukatar biza, kuma tilas ne kowa, har ƙananan yara da suka isa a yi musu, ya riƙe katin allurar shawara.

Wurin da ya fi dacewa a fara da shi shi ne Sepilok, tafiyar kamar rabin awa a mota daga Sandakan. A nan ne aka kafa wata cibiya cikin shekarar 1964 domin renon marayun wani babban biri mai jan gashi da dogayen hannuwa da ake kira orangutan, wanda a harshen mutanen ƙasar ma'anarsa mutumin daji. Wannan dabba tana da wani hali da zai ba kowace uwa tausayi. Ɗanta yakan zauna tare da ita shekara shida zuwa takwas, tana koya masa irin 'ya'yan itacen da ake ci, da yadda ake hawa, da yadda ake saƙa sheƙar kwana a kan bishiya kowane maraice, kuma ba ta sake haihuwa sai ta sallame shi. To, idan aka kashe uwar, ko aka sare dajin da take zaune, ɗan ba ya iya rayuwa shi kaɗai. Aikin ma'aikatan Sepilok shi ne su maye gurbin uwar shekara da shekaru, har su mayar da shi daji. Ana ajiye musu abinci a kan wani dandamali sau biyu a yini, da ƙarfe 10 na safe da ƙarfe 3 na yamma, baƙi kuwa suna tsaye daga nesa suna kallo. Amma fa ba keji ba ne, gandun daji ne a buɗe, kuma wata rana, musamman lokacin da itatuwa suka yi 'ya'ya, babu birin da zai leƙo. Ma'aikatan sukan ɗauki wannan a matsayin nasara, domin alama ce dabbar ta koyi ci da kanta. Yana da kyau uba ya bayyana wa yara wannan tun a gida, don kada a yi kuka a gaban mutane.

Daga Sepilok sai a nufi kogin Kinabatangan, tafiyar kamar awa biyu a mota zuwa ƙauyen Sukau ko Bilit. A ganinmu nan ne zuciyar tafiyar, kuma a nan ya kamata a fi daɗewa. Kogin ya kai kilomita 560, shi ne mafi tsawo a Sabah, ruwansa ja ne kamar na gulbi a tsakiyar damina. Mazauna gaɓarsa ana ce musu Orang Sungai, watau mutanen kogi, akasarinsu Musulmi ne, kuma daga cikinsu ake samun matuƙa jiragen ruwa da 'yan jagora. Masaukan baƙi na katako ne a kan dogayen turaku saboda ambaliya. Tsarin yini kuwa guda ne: a fita cikin ƙaramin jirgi mai inji da sassafe bayan asuba, lokacin da hazo ke kwance a kan ruwa, a dawo a karya kumallo, a huta da rana, sa'an nan a sake fita bayan la'asar. Alherin wannan tsari ga iyali shi ne ba a tafiya a ƙasa, saboda haka kaka mai ciwon gwiwa da yaro ɗan shekara biyar duk za su ga abin da kowa ya gani suna zaune. A tabbata dai an sa wa yara rigar nan mai hana nitsewa, kuma kada kowa ya tsoma hannu a ruwa, domin akwai kadoji manya.

Abin da ba ya wuyar gani shi ne wani biri da babu irinsa ko'ina a duniya sai Borniyo. Namijin yana da ƙaton tumbi da dogon hanci mai reto har ya wuce baki, shi ya sa mutanen ƙasar suka laƙaba masa suna Belanda, watau Baturen Holan. Da maraice sukan taru a itatuwan bakin kogi don kwana, wani lokaci ma su yi tsalle su faɗa ruwa su ninƙaya zuwa ƙetare. Akwai kuma dangin cilakowa har iri takwas, waɗansunsu da ƙahon baki mai launin ja da rawaya, ƙarar fikafikansu kuwa tun daga nesa ake jinta. Wanda Allah ya ba sa'a sai ya yi kaciɓis da giwayen Borniyo suna kiwo a bakin gaɓa. Su ne mafi ƙanƙanta cikin giwayen Asiya, masu manyan kunnuwa da dogon bindi. Mun ce sa'a, domin garken yana yawo ne sama da ƙasa, wani ya kwana ɗaya ya gan su, wani ya kwana biyar bai ga ko kashinsu ba. Babu kuɗin da zai kira giwa. Abin da kuɗi ke saye a nan shi ne ƙarin kwanaki, da jirgi na iyali su kaɗai wanda za su iya tsayar da shi inda suke so, da ɗan jagora mai ido wanda zai hango ja a cikin kore ya ce ga orangutan can. Wanda ya zuba kuɗinsa a waɗannan uku ya fi wanda ya zuba su a ɗaki mai ado.

Sai dai akwai wata gaskiya da masu tallar tafiyar ba su cika faɗa ba, mu kuwa muna ganin ya wajaba a sani. Dalilin da ya sa dabbobi suka yi yawa a bakin wannan kogi shi ne ba su da wurin zuwa. Tun daga hanyar mota mutum zai ga gonakin kwakwar manja sun miƙa iya ganin ido, kuma a wurare da dama dajin da ya saura siriri ne kamar gefen zane, bayansa duk kwakwa ce. Abin mamaki, ita wannan kwakwa asalinta tamu ce ta Afirka ta Yamma, aka kai ta can, aka fara nomanta don kasuwa a Maleshiya cikin 1917, yau ga shi ita da Indunusiya su ne ke sayar wa duniya mafi yawan manja. A shekarar 2005 gwamnatin Sabah ta keɓe kimanin hekta 26,000 na ƙasan kogin domin namun daji, amma a gutsuttsure suke, ba a haɗe ba. Da yake orangutan ba ya iya iyo, kuma manyan itatuwan da rassansu ke haɗe ƙananan rafuka an sare su, sai masu kula da dajin suka riƙa ɗaura igiyoyi, har da tsofaffin mesar 'yan kwana-kwana, don ya sami abin ƙetarewa. Giwa kuwa idan ta shiga gona sai rigima. A watan Janairu na 2013 an tsinci gawar giwaye 14 a wani gandun daji na Sabah, ana zaton guba aka sa musu, kuma ƙiyasin da aka fitar a 2024 ya nuna saura kamar 1,000 kacal a daji. Karkanda ma tuni ta ƙare a ƙasar, ta ƙarshe, wadda aka sa wa suna Iman, ta mutu a watan Nuwamba na 2019. Yaron da ya ga birin a kan igiya ya cancanci a gaya masa dalilin igiyar.

Wanda yake son ganin kurmin yadda yake tun fil'azal, wanda gatari bai taɓa shiga ba, sai ya wuce kwarin Danum, tafiyar fiye da awa biyu daga garin Lahad Datu a kan hanya mai gargada. Faɗinsa murabba'in kilomita 438 ne, kuma a cikinsa aka auna wata bishiya a 2019 aka sami tsawonta mita 100.8, ba a san wadda ta fi ta ba a duk ƙasashe masu zafi. Sun sa mata suna Menara, watau hasumiya. Masaukin alfarma da ke wurin ɗakunansa kamar talatin ne, don haka sai an kama wuri watanni kafin tafiya, kuma a nan ne aljihu zai fi jin jiki. Akwai gadar igiya da aka ɗaura daga bishiya zuwa bishiya, mutum ya yi tafiya a sama yana kallon tsuntsaye a ƙasansa, da dare kuma a fita da fitila neman dabbobin da ba su fitowa da rana. Amma a nan tafiyar ƙasa ce cikin laka da gumi, dabbobin kuma sun fi wuyar gani domin suna da wurin ɓuya. Ga kuma matsattsaku a kan ganye yana jiran mai wucewa. Ana sayar da wata doguwar safa da ake ɗaurewa a gwiwa saboda shi, cizonsa ba ya kawo cuta, sai dai jini da tsoro. Mu dai ba mu ga amfanin kai yaron da bai kai shekara takwas ko tara ba.

Haka nan dutsen Kinabalu, mai tsawon mita 4,095, wanda matasa za su matsa lamba a hau. Hawan kwana biyu ne, da izini da ɗan jagora tilas, a kwana a tsakiya, a tashi wajen ƙarfe 2 na dare cikin sanyi mai ratsa ƙashi don a isa ƙololuwa da fitowar rana. Ranar 5 ga Yuni 2015 girgizar ƙasa ta kashe mutum 18 a kansa, cikinsu har da 'yan makaranta daga Singafo. A bar shi ga samari masu ƙarfi, sauran iyali su tsaya a gindinsa, inda akwai maɓuɓɓugar ruwan zafi ta Poring, wadda za ta tuna wa wanda ya san Yankari da Wikki.

Game da lafiya, a ga likita tun a gida, domin akwai wani irin zazzaɓin cizon sauro a dazuzzukan Sabah wanda sauro ke ɗaukowa daga birai. Game da tsaro kuwa, tekun gabas yana iyaka da kudancin Filifin, kuma an taɓa sace baƙi daga tsibirin Sipadan a shekarar 2000, 'yan bindiga kuma suka kutsa yankin Lahad Datu a 2013, abin da ya sa gwamnati ta kafa rundunar tsaro ta musamman a wannan gaɓa. Duk mai niyyar kai iyali tsibiran gabas, kamar Selingan inda kififfiyar teku ke fitowa da dare ta yi ƙwai a rairayi, ya binciki halin da ake ciki kafin ya biya kuɗi.

Abinci da ibada ba za su ba Musulmi wahala ba. Akwai tambarin halal na hukuma a gidajen abinci da yawa, amma a lura, a Sabah akwai Kiristoci da 'yan asalin Sin masu yawa, saboda haka a tambaya kafin a zauna, a kuma sanar da masaukin daji tun da wuri. Alƙibla a can yamma take da ɗan karkata arewa, a otal-otal da yawa kuma za a ga kibiya a rufin ɗaki tana nuna ta. Mutanen ƙasar mabiya mazhabar Shafi'i ne, kada wani ɗan bambanci a sallarsu ya dami kowa.

Kwana goma sha biyu sun isa idan aka raba su da hankali: biyu a Sepilok, huɗu a bakin kogi, uku a Danum ga masu manyan yara, sauran a Kota Kinabalu. A can akwai tsibirai biyar da ake isa cikin minti ashirin a jirgin ruwa, ruwansu garau har ana ganin kifi a ƙasa, akwai kuma babban masallacin birni da aka buɗe a shekarar 2000, wanda ruwa ya kewaye shi har ya zama kamar yana yawo a kai. Idan aka daidaita ranaku, sai a sami sallar Juma'a a cikinsa kafin a kamo hanyar gida.