Jiran Hukunci

Tun ina jami'a sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya tsaya mini a rai: wanda ake tuhuma yana da haƙƙin a saurare shi bisa adalci, cikin lokacin da ya dace. A ganina ɗan sanda ma bai fita daga wannan inuwa ba. Idan aka dakatar da jami'i, fayil ɗinsa ya kwanta shekara da shekaru, shaidu kan watse, a sauya wa wasu wurin aiki, wasu su rasu. Mai gaskiya ya rasa abin kare kansa, mai laifi kuwa jinkirin ya wanke shi. Shi kuma talakan da ya kai ƙara tuni ya gaji da zirga-zirga, ya koma kasuwarsa.