Yini Ɗaya a Tokiyon Tsofaffi

Duk wanda Allah ya kai Tokiyo, babban birnin Jafan, abin da 'yan rakiya za su fara nuna masa shi ne dogayen benaye da fitilun Shinjuku da cunkoson Shibuya. Ba mu ce kada a je ba. Amma baƙon da ke da kwana uku ko huɗu kacal, in ya biye wa wannan tsari, zai koma gida bai ga komai ba sai tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa da ƙeyar mutane. Shawararmu ita ce a ware yini guda a bi unguwannin da tsofaffi ke zaune, kuma kada wuraren su wuce uku.

Tun kafin komai a duba kalanda. A zaɓi ranar 4 ko 14 ko 24 ga wata, za mu faɗi dalili a gaba. In ta faɗo Lahadi a haƙura da ita, domin masu yadi da yawa ba sa buɗewa.

Ba sai an yi sammako ba, don shaguna ba sa buɗewa sai wajen ƙarfe goma. Mu sauka a tashar Nippori mu fita ta yamma, sai ga Yanaka. Girgizar ƙasar 1923 da ruwan bama-baman 1945 sun cinye yawancin Tokiyo, amma wannan unguwa ta tsira, shi ya sa har yau akwai gidajen katako da lunguna ƙanana da mota ba ta shiga. A maƙabartarta aka binne Tokugawa Yoshinobu, na ƙarshe cikin sarakunan yaƙin da suka mulki ƙasar, wanda ya rasu a 1913. Mutanen unguwa ta cikin maƙabartar suke ratsawa su tafi cefane, babu wanda ya damu. Daga nan a gangara matakala zuwa 'yar kasuwar Yanaka Ginza, wadda tsawonta bai kai mita 200 ba. Gabas da tashar kuwa layin 'yan yadi ne, shaguna fiye da 80. Mai ɗauke da saƙon uwargida sai ya sa wa kansa iyaka ta awa ɗaya, in ba haka ba nan yinin zai ƙare, kuɗin ma haka.

Daga Nippori tasha biyu ce a jirgin Keisei zuwa Machiya, inda za mu hau abin da muka fi so a wannan tafiya, wato ɗan jirgin titi na Arakawa mai tarago ɗaya. A da irinsa sun cika birnin, amma tsakanin 1967 da 1972 hukuma ta tumɓuke layukan saboda motoci, shi kaɗai ya rage mata. Kilomita 12 yake yi da tasha 30, yana bi ta bayan gidaje har mutum ya ga shanyar mutane da tukwanen furanninsu. Kujerun kuwa a bar wa tsofaffi, su ne masu jirgin.

A sauka a Koshinzuka, bakin titin Jizo-dori na Sugamo. Ga dalilin kalandar nan: a waɗancan ranaku uku ne kasuwar ke ci, 'yan tebur su cika titin daga wannan kai zuwa wancan. Kasuwar kakanni ce, ta sandar dogarawa da ganyen shayi da magungunan ciwon gwiwa. Akwai shagon da ya yi suna da jajayen kamfai, wai ja na kawo lafiya. A ɗakin bautar Koganji za a ga layin mutane suna wanke wani gunki da ruwa da ƙyalle, kowa yana goge daidai inda ke masa ciwo a jikinsa. Mu dai kallo ne namu, kuma ba a ɗaukar hoton fuskar mutum sai da izininsa.

Batun abinci yana son hattara. Romon taliyarsu sau da yawa na ƙashin alade ne, miya kuma akan ɗiga mata giyar shinkafa. A Sugamo a riƙe ciki da daifuku, wani curin shinkafa mai danƙo da aka cusa wa wake mai zaƙi da ɗan gishiri. Tasha biyu gaba ita ce Otsuka, inda akwai masallaci da masu sayar da abincin halal. A nan za a yi la'asar, a ci abinci a zaune, sannan a kama jirgin Yamanote zuwa masauki kafin ƙarfe biyar, lokacin da ma'aikata ke fara tasowa.