Sitiyari Yana Magana da Hannun Direba

Ɗan'uwa mai karatu, in ka shiga mota a tashar Gaya za ka Doso, me kake dubawa? Na san halinmu. Kana duba wurin zama. Kana duba inda aka ɗaure buhunka. Kana ƙirga canjinka. Amma da wuya ka dubi hannun direba. Alhali kuwa daga nan zuwa Doso wajen kilomita 150 ne. Duk tsawon hanyar nan, bayan ikon Allah, ranka yana cikin hannuwa biyun nan da suka riƙe sitiyari.

Ni na daɗe ina riƙon sitiyari a hanyar nan. Kafin haka na yi karen mota, ina loda kaya, ina wanke gilashi, ina kwana ƙarƙashin mota. Shi ya sa nake so mu yi hira a kan wannan abu. Ko kai ba ka tuƙi, wataƙila kana da ɗa ko ƙane wanda ya ce shi mota zai koya.

Gaya garin mota ne tun da daɗewa. Tun 1958 aka yi gada a kan kogin Kwara, ta haɗa mu da Malanbil a ƙasar Benin. Ta kanta kayan da aka sauke a tashar jirgin ruwa ta Kwatano suka riƙa shigowa Nijar. Ga kuma Kamba nan kusa, a Nijeriya. Yaron da ya tashi a nan, da ƙugin manyan motoci ya tashi. A watan Yuli na 2023 aka rufe iyaka, motoci suka yi dogon layi a ƙetaren kogi. Amma wannan bai fid da son mota daga zuciyar yaranmu ba.

To, mene ne sitiyari? Mutane suna zaton abin juya mota ne kawai. Ka juya dama ta yi dama, ka juya hagu ta yi hagu. Haka ne, amma da saura. Sitiyari yana kai saƙo daga hannunka zuwa taya, yana kuma kawo saƙo daga taya zuwa hannunka. Kamar linzamin doki yake. Mahayin kirki yana jin abin da doki yake nufi tun daga linzami, kafin dokin ya yi.

Maigidana da ya koya mini mota ba ya yawan magana. In muna tafiya, sai ya ce, "Kai yaro, ɗora hannunka nan." Sai in ɗora yatsuna a gefen sitiyari yana tuƙi. Ya ce, "Me ka ji?" In ce, "Maigida, yana rawa." Ya ce, "Wace irin rawa?" Da haka na san rawar gargada daban, rawar tayar da ta lanƙwashe daban. Na san in sitiyari yana janka gefe guda, iskar taya ɗaya ta ragu. Na san in ya yi nauyi, tayoyin gaba sun kama ƙasa sosai ko sun shiga rairayi. In kuwa ya yi sakayau farat ɗaya kana cikin kwana, to, wannan shi ne mugun labari. Tayoyin gaba sun saki hanya, suna sulɓi. Mu nan mun fi sauran Nijar samun ruwan sama, mun kuwa san ranar ruwan farko. Ƙura da baƙin mai su haɗu a kan kwalta, ta koma kamar an zuba miyar kuɓewa.

Abin da ya sa na tuno da wannan duka, wani abu ne da na gani a Yamai, a wani shago inda samari suke wasa da kwamfuta. An kafa sitiyari a bakin tebur. A ƙasa ga abin takawa uku, na totur da na birki da na kuloci. A gaba ga allon talabijin, hanya tana gudu a ciki. Babu mota, babu taya, babu fetur. Sunan na'urar Logitech G29, an fara sayar da irinta a 2015. Tana juyawa sau biyu da rabi daga ƙarshe zuwa ƙarshe, kusan yadda na ƙaramar mota yake yi.

Suka ce, "Baba, zauna ka gwada." Na zauna. Da motar cikin allon ta hau gefen hanya, sai na ji sitiyarin ya girgiza a hannuna. Da na shiga kwana da gudu, sai ya yi sakayau, daidai irin na ranar ruwan farko. Ashe akwai ƙananan injuna na lantarki a cikinsa. Kwamfuta tana lissafin abin da taya za ta ji, ta sa injunan su ja hannunka ko su sake shi. Watau dai abin da maigidana ya koya mini da yatsu, shi wasu suka zauna suka ƙera, suna saye da kuɗin da ya kai na buhunan gero da dama.

Kada ka ɗauka wasan yara ne kurum. A 2008 kamfanin mota na Nissan da kamfanin Sony suka shirya gasa ga masu wannan wasa. Wani saurayi ɗan ƙasar Sifen, Lucas Ordóñez, ya ci. Aka horar da shi, aka ba shi motar tsere ta gaske. A 2011 ya shiga tseren Le Mans na Faransa, wanda ake kwana ana wuni ana yi, awa 24, motarsu ta zo ta biyu a ajinsu. Max Verstappen ma, wanda ya zama zakaran tseren mota na duniya sau 4 a jere, daga 2021 zuwa 2024, an san shi da zama gaban irin wannan na'ura.

Duk da haka ni ba zan ba wanda ya koya a tebur motata ya ɗauki fasinja ba. A allo babu jaki mai tsayawa tsakiyar hanya. Babu garken shanu da magariba, babu amalanken rake mara fitila. Jikinka ba ya jin mota tana karkata. In ka faɗi, sai ka danna maɓalli ka sake tashi, ko ƙwarzane babu. Wannan shi ne aibinta. Shi ne kuma amfaninta, don mutum yana iya yin kuskure sau ɗari a wurin, ba a yi jana'iza ko ɗaya ba.

Akwai wani wasan kuma da ya fi burge ni, domin shi da motar gaske ake yi. A Amurka da Ingila suna da shi, ana ce masa otokuros. Yadda ake yi a Amurka, sai a sami fili mai faɗi wanda babu kowa. A jera robobi masu tsini, irin waɗanda masu aikin hanya suke sawa, a yi hanya mai lanƙwasa da su. Kowa ya zo da motarsa, har wadda yake zuwa aiki da ita. Mota ɗai-ɗai take shiga, agogo yana ƙirgawa. Zagaye guda bai cika wuce minti 1 ba. In ka ture roba ɗaya, a ƙara maka daƙiƙa 2. Saboda haka mai gaggawa shi yake shan kaye. Wanda hannunsa yake da laushi, idonsa yana gaba, shi yake ci. Abin da na fi so a ciki, kafin kowa ya ta da mota, sai direbobi su bi hanyar nan da ƙafa, suna duba kowace kwana. Tsofaffin direbobinmu ma haka suke yi da damina in sun iske ruwa ya yanke hanya. Su sauka, su naɗe wando, su taka su gani.

Masu wasannin nan biyu suna ɓata lokaci mai yawa a kan abu guda, watau shirya mota kafin a tuƙa ta. Su ƙara iska kaɗan, su rage kaɗan. Su gyara tsayuwar taya. Su matsa nauyi gaba ko baya. Suna yin haka don su rage rabin daƙiƙa. Mu kuwa da muke ɗaukar rayuka, sau nawa muke yi?

Ɗauki iskar taya. A ƙaramar mota yawanci tsakanin kilo 2 ne da 2 da rabi, kuma an rubuta adadin a jikin ƙofar direba ko a murfin tanki. Yanzu da ka iya karatu, kana iya duba shi da kanka. Da safe ake aunawa wajen mai faci, tun taya tana da sanyi. Bugun taya da ƙafa ba awo ba ne. Taya mai ƙarancin iska tana lotsawa tana miƙewa a kowane juyi. Sai ta ɗauki zafi. A watan Afrilu, da rana tsaka, da lodi, irinta ce take fashewa.

Lodi kuwa, a nan ne muka fi cutar kanmu. Mota ta taso da doya ko garin rogo, an cika baya, an kuma tula wani a sama har ya fi motar tsawo. Abu biyu ne suke faruwa. Nauyin baya yana ɗaga gaba, tayoyin da suke juya motar su rage kama ƙasa. Direba ya ji sitiyari ya yi sauƙi, har ya ji daɗi, bai san haɗari ne yake yi masa sallama ba. Nauyin sama kuma yana sa mota ta karkata a kwana. Ka tuna yadda yaro yake tangaɗi in ya ɗauki tulun da ya fi ƙarfinsa. Kaya mai nauyi a ƙasa ake sa shi, a tsakiya, mai sauƙi a bisa. Na san kuɗin mota ya yi tsada, na san direba yana da mai mota da zai kai wa lissafi da yamma. Amma kai fasinja kana da bakin magana, kuma kana da ƙafar sauka.

Akwai gwajin da ko kai ma za ka iya yi. Mota tana tsaye, tayoyi sun miƙe. Ka kama sitiyari ka motsa shi a hankali, dama da hagu, wani yana kallon tayar gaba. In a ƙaramar mota ya yi tafiyar da ta wuce faɗin yatsu 2 taya ba ta motsa ba, gaɓoɓin ƙarfen da suka haɗa shi da taya sun ci. A kai wa makaniki. Sitiyari mai irin wannan wasa kurma ne, ba ya jin hannu da wuri, ba ya kuma kawo labarin hanya.

Ga wani lissafi kuma. Motar da take gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a daƙiƙa guda. Kafin ido ya gani, ƙafa ta kai birki, daƙiƙar nan ta wuce. In kuma ka ninka gudu sau 2, nisan da birki yake bukata ya ninka sau 4. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a 2023 cewa wajen mutum miliyan 1 da dubu 190 suke mutuwa a hanya kowace shekara. In aka gwada da yawan jama'a, Afirka ce ta fi shan wannan ukuba.

To, mu ba mu da sitiyarin tebur a ƙauye. Amma fili, Allah ya ba mu. Bayan girbi ga fako nan ko'ina. In ɗanka yana koyon mota, bayan makarantar tuƙi da zai shiga don ya sami takardarsa, ka roƙi direba mai hankali ya kai shi irin wannan wuri. A nemi izinin mai gari. A kori yara da dabbobi. A jera tsofaffin jarkoki 6 a layi, taki 20 tsakanin kowace biyu. Ya fara binsu da ƙafa. Sa'an nan ya shiga mota, ya riƙa saƙa tsakaninsu a giya ta 1, daga baya ta 2.

Hannuwansa su zauna ɗaya a dama ɗaya a hagu, kamar ƙarfe 9 da ƙarfe 3 a fuskar agogo. Babban yatsa ya kwanta a kan zoben, kada ya cusa shi ciki, don in taya ta faɗa rami sitiyari yana iya fizga ya targaɗa shi. Kada ya kalli jarkar da take gabansa, ya kalli ta gaba da ita. Mota tana zuwa inda ido ya kafe. Wanda ya zura wa rami ido, cikinsa zai faɗa.

A wurin ne kuma za a koya masa abin da ba a so ya fara gani a kan kwalta. In taya ta sauka gefen hanya, kada ya fizgo sitiyari. Fizgar nan ce take kifar da mota. Ya ɗaga ƙafa daga totur, ya riƙe sosai, gudu ya ragu, sa'an nan ya hau a hankali. In taya ta fashe ma, ya riƙe da hannu biyu, kada ya danne birki gaba ɗaya.

In ya iya bi sau 10 bai taɓa jarka ba, a ɗora buhu 4 na rairayi a bayan motar, ya sake bi, malaminsa yana tambayarsa me ya ji a hannu.