Ina Kika Tsaya?

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, bai taɓa zama a ajin boko ba, amma ya fi ni yawon neman ilimi. A zauren wani malami a garinmu ya sauke Ahalari da Ishmawi, sannan ya naɗe buzunsa ya nufi Zariya domin nahawu da lugga, daga bisani ya zauna a Kano ya karanci Risala. Yakan ce duk zauren da ya shiga, bayan gaisuwa da tambayar asali, abu na farko da malami yake cewa shi ne, "Ina ka tsaya?" Idan ya faɗa, sai a miƙa masa littafin a ce ya ja baƙi. Malam zai saurara, ya tsayar da shi a kan wata kalma ko wata mas'ala, ya ji yadda zai warware ta. In ya gamsu sai a ɗora daga inda ya tsaya, in kuwa bai gamsu ba sai a mayar da shi baya gwargwadon raunin da aka ji. Na sha jin wannan labari tun ina yarinya, amma ban san nauyinsa ba sai da na canja jami'a.

Na shiga jami'a a shekarar 2011. Na gama aji ɗaya da sakamako mai kyau, sai aure ya zo, mijin kuma yana aiki a wata jiha mai nisan tafiyar yini guda. Sharaɗin da mahaifina ya kafa kafin ya bayar da ni shi ne zan ci gaba da karatu. Saboda haka na nemi canjin jami'a zuwa wadda take garin da zan zauna. Neman ya ci watanni: takarda daga wannan ofis zuwa wancan, sa hannun shugaban sashe, na shugaban tsangaya, na magatakarda, da jiran takardar sakamako wadda jami'a ce kawai take aika wa jami'a. A tsakiyar haka yajin aikin malaman jami'o'i na 2013 ya faɗo, daga watan Yuli har zuwa Disamba. Da aka buɗe makarantu na samu takardar amincewa, aka ɗauke ni a aji biyu. Na yi zaton wahala ta ƙare.

Ranar rajista na kai takarduna wurin jami'in da ke kula da ajinmu. Ya duba kwasa-kwasan sashe ya ce babu matsala, sun dace da nasu. Da ya zo kan kwasa-kwasan bai-ɗaya, wato waɗanda ake wajabta wa kowane ɗalibi ko da me yake karanta, sai ya ajiye alƙalami. Guda huɗu ne: Turanci na zango na farko, Turanci na zango na biyu, amfani da laburare da dabarun karatu, da kuma darasin al'ummomin Nijeriya da al'adunsu. Kowanne kiredit biyu ne, duka na ci su, biyu ma da maki mafi girma.

"Malama, waɗannan sai kin sake su," in ji shi.

"Ranka ya daɗe, ai na ci su. Ga sakamakon nan a gabanka."

"Na gani. Amma lambobinsu ba irin namu ba ne, kuma ba sashenmu ne yake bayar da su ba. Ki je cibiyar da ke kula da su."

A can cibiyar aka karɓe ni da mutunci, aka kuma gaya mini cewa ba za su iya shigar da makin da ba su suka bayar ba, kuma kwamfuta ba za ta wanke ɗalibi a ƙarshen karatu ba matuƙar waɗannan gurabe suna nan a buɗe. Na roƙi a gwada ni, ko a kwatanta abin da aka koya mini da abin da suke koyarwa. Aka ce babu irin wannan tsari. Ban ga mugunta a fuskar kowa ba. Kowa yana tsoron sa hannu a kan abin da babu dokar da ta ba shi izini.

Wanda bai san tsarin jami'a ba zai ce ai kiredit takwas ba wani abu ba ne. Amma ga yadda lissafin yake. Kiredit ɗaya yana nufin awa ɗaya ta lacca a kowane mako har tsawon makonni 15, ke nan kiredit takwas awa 120 ce ta zaman aji, ban da nazari da jarrabawa. Ɗalibi kuma ba ya wuce kiredit 24 a zango ɗaya. Da aka ɗora mini waɗannan huɗu a kan nauyin aji biyu, dole na sauke wasu kwasa-kwasan sashe domin in samu gurbi. Ɗaya daga cikin waɗanda na sauke shi ne matakin da sai an taka shi ake ɗaukar wani kwas a aji uku, wancan kuma shi ne matakin wani a aji huɗu. Haka tsaiko ɗaya ya yi ta haifar da wani, har abokan ajina suka fita suka bar ni da ƙarin shekara guda. A cikin wannan tsakani na haifi ɗana na fari. Ina tuna zaman da na yi a babban ɗakin lacca tare da ɗaruruwan sababbin ɗalibai, da tsohon ciki, ana koya mana yadda ake nemo littafi a kanta, alhali tsohon littafin rubutuna na aji ɗaya yana cikin jakata da wannan darasi a rubuce. Sau biyu na yanke shawarar ajiye karatun. Abin da ya hana ni shi ne kunyar mahaifina, wanda duk lokacin da na je gida yakan tambaye ni, "Uwata, ina aka tsaya?"

Sai da na zo karatun digiri na biyu a fannin ilimi na fahimci cewa abin da ya same ni ya saɓa wa ainihin dalilin da ya sa aka ƙirƙiro kiredit. Tsarin ya samo asali ne a Amurka. Da jami'o'insu suka fara ba ɗalibai damar zaɓen darussa a ƙarshen ƙarni na 19, musamman Harvard a zamanin shugabancin Charles Eliot wanda ya fara a 1869, sai aka buƙaci ma'auni ɗaya da za a riƙa auna darussa mabambanta da shi. Ma'aunin ya zama kamar mudu a kasuwa: amfaninsa shi ne a auna a nan, a yarda da awon a can. Darussan bai-ɗaya su ma ta wannan hanya suka shigo mana. Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka, wadda aka buɗe a 1960 da haɗin gwiwar Jami'ar Jihar Michigan, ita ce ta fara koyar da su. Daga baya Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, ta fitar da mafi ƙarancin ƙa'idojin karatu a 1989, ta sabunta su a 2007, sannan a Disambar 2022 aka ƙaddamar da sabuwar manhajar CCMAS, wadda ta tsara kashi 70 cikin ɗari na abin da za a koyar ta bar wa kowace jami'a kashi 30. A duk waɗannan takardu, darussan bai-ɗaya suna cikin abin da aka gindaya wa kowa, kuma a sabuwar manhajar sun haɗa da Turanci, al'ummomin Nijeriya, falsafa da manɗiƙi, zaman lafiya da sasanta rikici, da dabarun kasuwanci. Wato a cikin dukkan abin da ɗalibi yake karantawa, babu wanda ya fi su kama da juna daga jami'a zuwa jami'a. Su ne ya kamata su fi sauƙin ƙaura, amma a kansu na yi tuntuɓe, saboda wata jami'ar ta sa musu haruffa uku, wata ta sa huɗu.

Ba zan yi wa jami'ar da ta karɓe ni rashin adalci ba, domin tana da hujja. Digiri shaida ce, kuma majalisar jami'a ce take ɗaukar alhakin duk wanda ya fita da sunanta. Kowa ya san kwas mai suna ɗaya yana iya zama karatu na gaske a wani wuri, a wani wurin kuma ya zama sayen ɗan littafi da cike gurabe a kwamfuta. An kuma ga yadda takarda take iya yin ƙarya. A ƙarshen 2023 wani ɗan jarida ya bayyana yadda ya samo digiri daga Kwatano cikin makonni shida, abin da ya sa gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo a Janairun 2024. Wanda ya ga irin wannan ba za a zarge shi ba idan ya yi taka-tsantsan. Haƙƙin jami'a ne ta ce sai ɗalibi ya yi mafi yawan karatunsa a cikinta kafin ta ba shi shaidarta, haƙƙinta ne kuma ta tsananta a kan kwasa-kwasan da suka shafi zuciyar fanni, kamar na likitanci da injiniyanci.

Sai dai taka-tsantsan yana da hanyoyi, kuma sa ɗalibi ya maimaita komai ita ce mafi arha ga ofis, mafi tsada ga ɗalibi. Malaman zaure ma ba su yarda da baki kawai ba. Ba su ce wa mahaifina tun da ka ce ka karanta shi ke nan ba. Sun saurare shi. Abin da suka ƙi yi shi ne ɗaukar shekarun da ya yi a gaban wani malami tamkar ba a yi su ba. A cikin wannan akwai girmama ɗalibi, akwai kuma girmama malamin da ya fara koyar da shi. Jami'o'in da nake magana a kansu duka biyu hukuma ɗaya ce ta tantance su, malaman wannan sukan je waccan a matsayin masu jarrabawa na waje, wasu ma a can suka yi digirinsu. Idan aka amince da malami ya duba kundin digirin ɗalibanku, ina dalilin ƙin amincewa da makin da ya bayar a darasin laburare?

Wasu ƙasashe sun nemo mafita, kowace daidai da halinta. A jihar Texas ta Amurka an tsara darussan bai-ɗaya na kiredit 42, kuma duk ɗalibin da ya kammala su a wata jami'a ko kwalejin gwamnati ta jihar, dole sauran su karɓe su dunƙule. A Turai an fara tsarin ECTS a 1989 domin ɗaliban da ke zirga-zirga tsakanin ƙasashe, inda shekarar karatu take daidai da kiredit 60, sanarwar Bologna ta 1999 kuma ta ƙara masa ƙarfi. Maƙwabtanmu na Nijar, da sauran ƙasashe masu amfani da Faransanci, sun rungumi tsarin LMD wanda shi ma a kan wannan lissafi aka gina shi. A matakin nahiya akwai Yarjejeniyar Arusha ta 1981 kan amincewa da takardun karatu, wadda aka sabunta a Addis Ababa a 2014. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya rasa aibi, amma dukkansu sun yarda da abu ɗaya: ɗalibi yana motsi, kuma karatunsa ya kamata ya bi shi.

Mu ma ɗalibanmu suna motsi, sau da yawa ba da son ransu ba. Aure yana ɗauke mace daga gari zuwa gari. Rasuwar uba tana dawo da ɗa kusa da gida. Rashin tsaro a hanya yana sa iyaye su ce a bar makaranta mai nisa. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, an kwaso ɗalibanmu da yawa, kuma akasarinsu 'yan Arewa ne. 'Yar maƙwabciyata tana cikinsu. Ta yi shekara uku a Hartum, ta dawo da 'yar jaka ɗaya, ofishin da zai aiko da takardar sakamakonta kuma a rufe yake. Da ta zo neman shawarata, na rasa abin da zan ce mata illa ta shirya wa komawa baya. Ni takarduna suna nan cikakku aka mayar da ni, balle ita.

Abin da nake ganin zai yiwu bai fi ƙarfinmu ba. Tun da sabuwar manhaja ta ba darussan bai-ɗaya suna ɗaya da lamba ɗaya, kamata ya yi duk wanda ya ci su a jami'ar da aka tantance a karɓa masa kai tsaye, ba sai ya yi roƙo ba. Inda aka yi shakka, ko inda takardu suka salwanta, a shirya jarrabawar tantancewa a farkon zango: wanda ya ci ya wuce, wanda ya faɗi ya maimaita, babu wanda zai ce an zalunce shi. Sannan a rubuta wannan doka a littafin jagoran ɗalibai, a faɗi ofishin da ke da alhakin yanke hukunci da kwanakin da zai ɗauka, domin ɗalibi ya san abin da zai rasa tun kafin ya ɗaga ƙafa, jami'in da ke bakin tebur shi ma ya samu abin dogaro idan ya sa hannu. Da akwai irin wannan a 2014, na tabbata mutumin da ya ajiye alƙalaminsa a gabana da ya ɗauke shi.

Mahaifina ya rasu wata huɗu kafin in karɓi sakamakona na ƙarshe. Da na fita tare da abokan ajina, da ya ga takardar da ya kafa sharaɗi a kanta. Ban ɗora wa kowa alhakin wannan ba, ajali ba ya jiran kalandar jami'a, amma ba zan ce shekarar da aka ƙara mini ba ta ci mini komai ba. Yanzu da nake taimakawa wajen koyar da ƙananan azuzuwa, nakan gane ɗaliban da suka zo daga wata makaranta: sun fi sauran shekaru, sukan zauna a baya, sukan san amsa amma ba sa ɗaga hannu. Ba ni da ikon cire musu ko kiredit ɗaya. Abin da nake iyawa shi ne in kira su bayan lacca in tambaye su inda suka tsaya, in kuma saurari amsar har ƙarshe.